Waƙar Lodanam Mai Baiti Goma Sha Tara

A shekarar da wani Nasara ya sauka a garinmu Damagaram tare da ayarin da ya gangaro daga Azbin, haƙori ya kama matata. Na gefen hagu ne, na can ciki. Abubuwan nan biyu ba su da wata dangantaka da juna. Ni ne na haɗa su, kuma saura ƙiris haɗin ya raba ni da ita.

Sana'ata rubutu ce. Ina kwafe littattafai ga mai so, ina rubuta wa fatake wasiƙun da za su aika Kano ko Kukawa, in hannu ya huta kuma sai in tsara waƙa. Waƙar ba ta taɓa ciyar da ni ba, amma da ita nake taƙama. Mu biyar ne muke zama a zauren wani tsohon maɗinki a cikin Birni. Da yamma akushin gidan kowa ya fito, a haɗa a tsakiya, a ci tare. Maɗinkin bai taɓa tsara ko baiti ɗaya ba a rayuwarsa, saboda haka shi ne alƙalin waƙoƙinmu. Kansa a sunkuye yake kullum kan wuyan rigar da yake wa aiki, in ka rera abin da bai yi masa ba sai ya ciji zare ya tofar, ba ya ƙara komai.

Ni da matata shekararmu tara da aure a lokacin, da 'yarmu ɗaya da ba a yaye ba. Matata ba mai ƙorafi ba ce. Ko tana daka, ko tana bakin murhu, in na kira ta, kafin in rufe baki ta ce na'am. Da haƙorin ya kama ta ma haka ta ci gaba da amsawa, sai dai da rabin baki. Na yi mata rubutu ta sha, ta tauna kanumfari, ta kuskure baki da ruwan kanwa, kuncin dai ya ci gaba da tasowa har idon hagu ya soma rufewa. Ranar kwana na huɗu da safe ta tsaya a ƙofar ɗakina, tafin hannunta a kunci.

"Malam, an ce baƙon nan yana ba da magani."

Na ɗauki wani ɗan tandun fata sabo na fita.

Na tarar da ƙofar masaukinsa cike da masu ciwon ido da masu gyambo da waɗanda lafiyarsu ƙalau, kallo kawai ya kawo su. Da aka shigar da ni na same shi zaune a kan akwati, fuskarsa ja, yana rubutu a wani ƙaramin littafi daga hagu zuwa dama. Na yi masa uzuri, tunda babu wanda ya koya masa daidai. Wani Balarabe ne yake yi masa fassara, shi ya ce mini mutumin daga wata ƙasa yake da ake kira Ingila, a tsakiyar ruwa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Nasaran ya ɗauko kwalba ya tsiyaya mini wani ruwa mai duhu a tandun. Ni kuwa, da yake ba na karɓar abu ban san sunansa ba, na tambaya.

"Lodanam," in ji shi.

Balaraben ya shiga bayani. Ɗigo kaza za a sa a ruwa ta sha, kada a wuce, wanda ya wuce zai yi barcin da ba a tashi. Na ga bakinsa yana motsi, na gyaɗa kai a duk inda ya dace. Amma ni ina can ina juya kalmar a harshena. Kalmominmu kusan duka da baki buɗe ake gama su, wannan kuwa sai ta sa mutum ya haɗe leɓɓansa. Na fito ina maimaita ta don kada ta zube a hanya.

Zauren maɗinki a kan hanyar gidana yake, wannan ba laifina ba ne. Na leƙa don in gaisa, na faɗi kalmar don a ji. Maɗinkin bai ɗago ba.

"Kai da kake cewa babu kalmar da ta fi ƙarfinka," ya ce, "ga ta nan. Gina mana waƙa a kanta."

Wanda bai san aikin ba zai ga abin da sauƙi. A irin waƙarmu, sautin da baitin farko ya ƙare da shi, da shi kowane baiti zai ƙare har a gama, shi ake kira ƙafiya. In na rufe na farko da lodanam, sai na samo wa kowane baiti kalmar da take haɗe baki kamar ta. Maɗinkin ya yanka baiti ashirin, ba maimaici, kuma na Larabci kada su wuce shida, don a cewarsa duk mai littafi a gafaka zai iya cika ta da Larabci. In na kasa, shekara guda ba ni ba rera waƙa a zauren. Sauran ukun suka ce sun shaida, da saurin da bai yi mini daɗi ba.

Akwai kuma sharaɗin da ba shi ya sa ba. Malamin da ya koya mini waƙa, Allah ya jiƙansa, bai yarda a sa kalma a baiti don daɗin sautinta kawai ba. Sai ka je wurin mai ita, wanda take fita daga bakinsa a cikin aikinsa, ka zauna, ya nuna maka abin da take nufi. Ya taɓa sa ni na wuni a karofi saboda kalma ɗaya ta marina, na dawo da shuɗin hannu. A kan wannan ka'ida na tashi, ban kuma taɓa karya ta ba.

Nan take na samu malam, na samu Damagaram, na samu salam da haram. Baitin farko ma a zaune na tsara shi:

Na je gidan baƙo da tandu hannuna,
Ya ba ni ruwan da yake wa suna lodanam.

Maɗinkin bai tofar da zare ba. Da na ɗago kai rana ta yi sanyi, an soma shigo da akusa.

Na isa gida na tarar da ita zaune a gindin turmi, 'yar a cinyarta. Ta miƙo hannu. A nan ne na nemi yawan ɗigon a kaina na rasa. Uku ne, ko bakwai, ko goma sha uku? Abin da ya tsaya mini kawai shi ne barcin da ba a tashi. Na dubi tandun, na dube ta. Da na ce na manta, da magana ta ƙare a nan. Amma malami ne ni, wanda ake biya ya riƙe maganar mutane ya sa a takarda.

"Ya ce sai ya kwana tukuna, ya kwanta," na ce.

Ta janye hannunta. "To, Malam."

Washegari na koma masaukin da niyya ɗaya, in tambayi ɗigo nawa. Sai dai ka'ida ta riga ni magana, na fara tambayar ma'anar kalmar. Balaraben ya ce ruwan wani fure ne da ake jiƙawa, yana kashe zafin ciwo ya kawo barci. Na ce ko akwai 'yan'uwanta a harshensu masu ƙarewa kamar ta. Da aka fassara wa Nasaran ya yi dariya har ya ajiye alƙalaminsa. Ya dubi rufin ɗaki yana motsa baki, na gane shi ma aikin ya kama shi. Ya ba ni balsam, ya ce ƙaron wani itace ne mai ƙamshi da ake shafa wa rauni, har ya buɗe wani ɗan gwangwani na sansana. Ya ba ni madam, ya ce haka suke kiran mace mai daraja, uwar gida. Daga nan ya nuna ni da yatsa ya yi wata magana.

"Yana tambaya," in ji Balaraben, "yaya taka madam ɗin da haƙorin?"

"Da sauƙi," na ce.

Me zan ce? Tun da na yi wayo ban taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ba da wata amsa ba. Ko ana haƙa wa mutum kabari, da sauƙi ake cewa. Amma Nasaran bai san haka ba. Ya tafa hannu, ya yi murna, ya rubuta wani abu a littafinsa, ina jin ya rubuta cewa maganinsa ya yi aiki. Bayan wannan, da wane baki zan ce ban ma ba ta ba? Na yi godiya na fito da kalmomi biyu sababbi.

A gida na ce mata maganin yana son kwana uku.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa yin aiki kamar su ba. Na je Zango wurin Buzaye, suka ba ni kalmomi da yawa, ba wadda ta ƙare inda nake so, biyu daga ciki ma har yau ban iya furta su ba. Na zauna wurin wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ta ba ni magaram, ta ce a Barno sarauta ce ta 'yar'uwar sarki, ta kuma ce abin kunya ne a ce ɗan Damagaram sai an gaya masa. Wani attajiri mutumin Gadamus ya kai ni bayan gidansa ya nuna mini tantabaru ya ce da Larabci hamam. Wani mai ɗaurin kayan raƙuma na tambaye shi bambancin ɗam da kam. Bahaushe ne ni, na san su tun ina goye, amma ka'ida ka'ida ce. Ya ɗaure mini wuyan hannu da igiya har yatsuna suka yi sanyi, ya ce wannan ɗam ke nan. Ya riƙe ɗaya hannun da nasa ya hana ni motsi, ya ce wannan kam. Wata mai ƙosai da ƙuli a bakin kasuwa ta fassara mini kwalam ta hanyar sayar mini da abin da ban yi niyyar saya ba.

Duk inda na je sai an ce a ga maganin. In buɗe tandun, a sansana, mai ƙarfin hali ya tsoma tsinke ya lasa. Wani mahauci ya tare ni washegari ya ce bai taɓa barci mai daɗi irin na jiya ba. Kafin mako ya zagayo, rabin kasuwar Birni sun san ɗanɗanon lodanam. Wadda aka karɓo shi dominta ce kawai ba ta sani ba.

Na lura a kwanakin nan gidana ya yi shiru. Na gode wa Allah, don aiki yana gudu. Ina shiga ɗakina da ke kusa da ƙofa in rubuta, in fito in nufi zaure. Baiti goma sha tara suka tsaya da ƙafafunsu. Saura ɗaya, na bi gari har takalmina ya tsinke ban same shi ba.

Ranar da na kai goma sha taran, muna cin tuwo a zaure, maɗinkin ya dubi akusan da ke tsakiya ya ƙirga su da ido.

"Malam, yau kwana biyu akushin gidanka bai fito ba."

Loma tana hannuna. Na dubi akusan, huɗu ne. Kwana biyu ke nan ina cin tuwon gidajen mutane ban sani ba.

Na tashi ban wanke hannu ba. Na shiga tsakar gida na kira ta. Murhu a sanyaye, turmi a kife, igiyar shanya babu komai. Na sake kira. Matar maƙwabcina ce ta amsa ta bayan katanga, ba tare da ta gaishe ni ba. Ta ce shekaranjiya da hantsi matata ta goya 'yar ta tafi wurin wanzami da ƙafarta. Babu wanda ya riƙe mata kai, ginshiƙin rumfa ta rungume aka cire. Daga can ta dawo ta ɗaure kayanta, jini yana ɗiga a zanenta, ta bi masu jakunan gero da za su koma ƙauyen Tirmini, wurin goggonta da ta raine ta.

Na zauna a kan turmin da ke kife. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Shekara tara ba ta taɓa yin yaji ba, na kuma san irin matan da ba sa yi, in suka yi sau ɗaya ba lalle su dawo ba.

Biko mutum ba ya zuwa shi kaɗai, sai da babba. Babban da nake da shi kuwa shi ne maɗinkin. Ya ce zai je, tunda da bakinsa aka fara. Muka ɗauki goro da gishiri, muka kama hanya bayan sallar asuba, muka bar duwatsun gari a bayanmu. Tsohon yana tafe yana tsayawa, sai bayan azahar muka shiga Tirmini.

Goggon ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙaramar murya. Ta karɓi gaisuwa yadda ya kamata, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Birni, ba ta dubi goron ba. Maɗinkin ya yi magana mai tsawo a kan haƙuri da zaman tare. Ta bar shi ya gama.

"Ina maganin?" ta ce da ni.

Na ciro tandun na miƙa da hannu biyu. Ta buɗe, ta kife shi a tafinta, ta girgiza. Ko ɗigo bai fito ba. Abin da 'yan kasuwa suka rage, fatar tandun ta shanye.

"Wa ya sha?"

"Mutane, Goggo."

"Su ma haƙorin ne?"

Ta rufe tandun ta ajiye a gefenta, ta nuna wani ɗaki mai asabari a ƙofa.

"Tana ciki. Ni ban kira ta nan ba, ba kuma ni zan kore ta ba. Kira ta da kanka."

Na tashi na tsaya a gaban asabarin. Na kira ta da sunan da nake kiranta. Ina jin motsin 'yar a ciki, ina jin kaji a bayan rumbu. Na sake kira. Na tsaya ina jiran abin da na saba ji kafin in rufe baki, bai zo ba. A cikin jiran nan ne na ji kalmar a kaina, yadda take faɗinta, da yadda take haɗe leɓe a ƙarshe. Na zagaye Birni da Zango, na sa an ɗaure mini hannu, ita kuwa sau goma a rana ake ba ni ita a gidana. Ba zan ɓoye ba, leɓɓana sun motsa, na gwada ta a ƙarshen baiti. Ta zauna daram. A bayana na ji maɗinkin ya ce a hankali, "Ashirin."

Na kira na uku.

"Ina ji," ta ce.

Ta ɗaga asabarin. Kumburin kuncin ya sace, ya bar wani duhu a ƙarƙashin ido. Ba ta fito ba, ba ta kuma dube ni ba.

"Malam, ɗigo nawa ya ce?"

"Ban sani ba. Tun ranar farko ban riƙe ba."

"Da ka faɗa mini ranar, da na je wurin wanzami tun da sauran ƙarfina. Kwana uku ina kwance ina ƙirga wa magani kwana."

Na ce na yi laifi. Na faɗe shi a gaban goggo da maɗinki da wasu mata biyu da suka zo aron rariya suka ƙi tafiya. Ta saki asabarin.

Sai bayan Juma'a biyu ta dawo, a kan jakin wani ɗan'uwanta, da 'yar da ƙullin kuka da daddawa. Ta share gida, ta tayar da turmi, da yamma akushina ya fito zaure. Tandun ma ta taho da shi, ta wanke, ta mayar da shi na kwallinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Washegari da safe na kira ta ina son ruwa.

"Ina ji," ta ce, ta kawo ruwan.

Maɗinkin ya ce in rubuta baitin in huta, kalmar ba ta kowa ba ce, ko yaro ka kira a hanya zai ba ka ita. Na ce ka'idar malamina ta ce daga bakin mai ita. Ya ce to na kasa ke nan. Na yi shekara guda ban rera komai a zauren ba, babu kuma wanda ya nuna ya yi kewa.

Bayan wasu shekaru nawa haƙorin ya tashi, na dama, na ƙasa. Tun kafin in gama nishin farko ta yafa mayafi ta fita. Ba ta tsaya a zauren kowa ba. Ta dawo da wanzamin, ɗan wancan na farko, ta zauna a bayana ta riƙe mini kai kam a ƙirjinta har aka cire. Ina kwance bakina cike da jini, na ga dama ta samu, don ko dutse ne ya ji tausayina a ranar. Na kira ta da murya mai ban tausayi iyakar iyawata.

"Ina ji, Malam. Tofar a kaskon."

Yanzu shekara ashirin da shida ke nan. Maɗinkin ya rasu, Nasaran tun a waccan shekarar ya yi gabas ban sake jin labarinsa ba, 'yar da aka goya zuwa Tirmini tana da nata 'ya'yan. Na ji matata tana amsa wa maƙwabta da na'am, tana amsa wa jikokinta, har mai tallan nono ta amsa wa ina zaune. Takardar waƙar tana cikin gafakata, baiti goma sha tara, da fili a ƙasa daidai layi biyu. Kowace safiya nakan kira ta ko ba na bukatar komai, in ta zo in ce ta miƙo mini abin da ke kusa da hannuna. Ta san dalili, ta kuma miƙo.

Yau da safe ma na kira. Ta ce tana ji.